Tsohon injin yanka katako yana yi min yankan igiyar ruwa, in saya ko in haƙura?

Assalamu alaikum. Ina shirin gina gida da gumaguman itace, shi ya sa nake neman injin yanka katako na tafi-da-gidanka, na hannu, irin mai zarto kamar bel da ke zagaya tayoyi biyu yana tafiya a kan dogo. Na samu wani, mai shi ya bar ni in gwada kafin in biya, amma abin ya tsaya min a rai.

Buƙatata ita ce in yanke gefe biyu na kowane gungume su yi sumul, don gumaguman su kwanta daidai a kan juna. To, da zarar gungumen ya yi kauri, sai zarton ya nutse, ya sake tasowa, musamman wajen ƙullin itacen, inda reshe ya fito. Fuskar katakon ta fito da tudu da kwari, har hannu yana ji. Ƙananan gumagumai kuwa lafiya lau.

Na sa sabon zarto, na ƙara ɗaure shi, na daidaita dogon da ma'aunin ruwa, na rage saurin turawa. Ya ragu kaɗan, bai daina ba. Abin da ya fi tayar min da hankali, na ga tabon walda a tsakiyar dogon, kuma ɗaya daga cikin ƙananan tayoyin da ke riƙe zarton yana girgiza idan na taɓa shi.

Wane gwaji zan yi a wurin da zai nuna min ko tayar ce kawai ta ci, ko ƙarfen dogon ne ya lanƙwashe? Na gode.