Sayar da gidajen tafi-da-gidanka bashi a Amurka: ina hanyar da doka ta bari?

Baban Zainab: Assalamu alaikum 'yan zaure. Ina sayen tsofaffin gidajen tafi-da-gidanka, wato waɗanda ake ƙerawa a masana'anta a ja su zuwa fili a girke, a jihar Indiana, in gyara su, in sayar wa iyalai su riƙa biya wata-wata. Tun da ƙa'idojin bashin gida na CFPB, hukumar Amurka mai kare jama'a a harkokin kuɗi, suka fara aiki a Janairun 2014 a ƙarƙashin dokar gyaran harkokin kuɗi ta Dodd-Frank, hankalina bai kwanta ba. Wace shawara za ku ba ni?

Maman Khalil: Wa alaikumus salam, Malam. Ku fara da ƙirga gidajen da kuke sayarwa bashi a cikin wata 12. Idan ɗaya ne, kuma da sunanku kuka sayar ba da sunan kamfani ba, akwai sassauci sosai. Idan biyu ne ko uku, wajibi ne biyan wata-wata ya ƙarar da bashin gaba ɗaya, ba tare da wani dunƙulallen kuɗi da ke jiran mai saye a ƙarshe ba, kuɗin ruwa ya tsaya yadda yake aƙalla shekara 5, sannan ku bincika ku tabbatar cewa mai sayen zai iya biya. Wannan sharaɗi na ƙarshe ni ina goyon bayansa, domin wanda ya kasa biya yakan rasa gidan, alhali kuɗin hayar fili ma yana kansa.

Malam Habu: Hajiya ta yi bayani. Abin da zan ƙara shi ne, wanda ya wuce uku ya nemi dillalin lamuni mai lasisi ya tsara masa takardun, ya kuma ga lauya, saboda dokar SAFE ta 2008, wadda ta shafi lasisin masu tsara lamunin gida, kowace jiha da yadda take aiwatar da ita. Wanda ya sayar wa ɗan kasuwa da ba zai zauna a gidan ba, waɗannan ƙa'idoji ba su hau kansa ba.

Alhaji na Ohayo: Mu da muke gudun kuɗin ruwa, mukan yanke farashi ɗaya a biya kashi-kashi. Amma kada a ɗauka hakan ya fitar da mutum daga doka, domin yarjejeniyar da ta wuce biya huɗu ana lissafa ta a matsayin bashi ko da babu ruwa. Haka kuma hayar da ke ƙarewa da mallaka, hukuma tana iya ɗaukar ta a matsayin ciniki.

Baban Zainab: Na gode, Allah ya saka da alheri. Bana zan tsaya a gida uku, kuma zan kai wa lauya takardun kafin in sa hannu.