Ciwon afendis ne, to me ya kai shi cibiya?

Uwar Biyu:
Salamu alaikum 'yan uwa. Makon jiya aka yi wa ɗana mai shekara 14 aikin afendis, alhamdu lillahi jiki da sauƙi. Amma wani abu ya tsaya min a rai. Da ciwon ya fara da magariba, tafin hannu ya ɗora a cibiya yana zagayawa, yana cewa "Umma, duk nan ne." Na ɗauka ɗanwaken rana ne, har jar kanwa na jiƙa masa. Sai da asuba ya nuna da yatsa ɗaya, can ƙasa ta dama. Ciwon ne ya yi tafiya ko kuwa?

Malamar Jinya:
Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya ƙara lafiya. Ciwon yana inda yake tun farko, ƙwaƙwalwa ce ba ta gane daga ina aka aiko ba. Jijiyoyin da ke ɗauko saƙon ciwo daga hanji ba su kai na fata yawa ba, kuma in sun iso laka, ƙofa ɗaya suke bi da na fata. Na afendis suna shiga ta gaɓar da muke kira T10, wadda ita ce ta fatar cibiya. Ƙwaƙwalwa kuwa ta fi sabawa da fata, sai ta ɗora wa cibiya laifin. Da kumburin ya kai ga tantanin da ke shimfiɗe a bangon ciki, mai jijiyoyin da ke nuna wuri daidai, sai tafin hannu ya koma yatsa.

Ɗan Kasuwar Kwari:
Ikon Allah! Mahaifiyarmu ta daɗe tana kukan kafaɗar dama, muna ta mulka mata man zafi. Ashe tsakuwa ce a matsarmama.

Malamar Jinya:
Shi ma hakan ne Alhaji. Kumburin matsarmama kan taɓa tantanin numfashi, jijiyarsa kuma daga wuya ta sauko, inda na kafaɗa ke shiga. Wani abin mamakin ma, hanji bai cika jin yanka ba. Miƙewa, murɗawa da kumburi ne ke tayar masa da hankali. Ciwon da ya tashi daga cibiya ya tare a dama, da amai ko zazzaɓi, ba na kemis ba ne, a wuce asibiti.

Uwar Biyu:
Na gode Malama, Allah ya saka da alheri. Kanwar nan dai har yau babansu bai daina yi min gorinta ba.