Kular da ta kwana huɗu a firjin ofis

(Hira a zauren waya na ma'aikatan wani ofis a Kano)

Hajiya Akanta: Assalamu alaikum. Yau kam sai na faɗa, wanda zai ji haushi ya ji. Takwas saura na shiga ɗakin shayi zan ɗora ruwan zafi, ina buɗe firji wani wari ya buge ni, sai da na fita baranda na sha iska. Kula ce aka bari tun Alhamis, tuwo da miyar kuka, ga shi ba a tayar da janareta Asabar da Lahadi. Miyar ta yi funfuna, ta kumbura ta ɗaga murfin, ta tsiyaya har kan robobin ruwan mutane. Wurin wanke-wanke ganyen shayi da ƙayar kifi sun toshe shi, kofuna bakwai a jiƙe. Bayan kabad kuwa da idona na ga kashin ɓera. Manya da mu, masu iyali, a ce ɗaki ɗaya tilo da muke cin abinci a ciki ya gagare mu? Wallahi wannan ƙauyanci ne.

Malam Mai Sito: Wa alaikumus salam Hajiya. Na ji ɓacin ranki, amma ki janye kalmar nan ta ƙauyanci. Ni ɗan ƙauye ne, a ƙasar Bichi aka binne cibiyata. Mahaifiyata kafin rana ta fito ta share tsakar gida tas, ƙwaryar fura ba ta kwana ba a wanke an kife ta ba. Ban taɓa ganin an bar miya ta ruɓe ba sai da na shigo birni.

Direba Babba: Allah ya yi maka albarka Malam. Kullum sai a ɗora wa mutumin ƙauye. Ruwan Jakara ba daga ƙauye ya ɗebo baƙinsa ba. Da damina ku leƙa kwatocin cikin gari ku ga ledar fiya wata, mu ne muka zo daga Gezawa muka zuba?

Anti Sakatariya: Haba jama'a. Hajiya ba garin kowa ta ambata ba. Ƙauyanci hali ne, ko ɗan Nassarawa GRA in ya yi abin da bai dace ba ana ce masa baƙauye.

Malam Mai Sito: To ai nan gizo ke saƙar, Anti. Me ya sa sunanmu ne ya zama zagi? In ɗan birni ya yi ƙazanta a ce ya yi birnanci mana.

Injiniya: Malam, a yi a hankali da birni. Ni cikin badala aka haife ni, kusa da Ƙofar Mata. Kakanninmu sun yi zamani da duba-gari, yana shiga gida ya leƙa randa, in ya ga tsutsa mai gida ya shiga uku. Sharar da kuke gani a Kwari da Sabon Gari, masu shigowa da safe su fita da yamma ne ke zubar da ita, don ba a nan suke kwana ba.

Direba Babba: Ka ƙirga su ne, Injiniya? Masu shagunan a ina suke kwana?

Injiniya: Ba sai na ƙirga ba, kowa ya sani.

Hajiya Akanta: Ni fa maganar kula nake yi. Ta waye?

Anti Sakatariya: Mu dai ji tsoron Allah. Annabi (SAW) ya ce tsafta cikon addini ce.

Liman: Anti, gyara kaɗan don Allah. "Tsafta cikon addini" maganar Hausawa ce, kuma ma'anarta mai kyau ce, amma kada a jingina lafazin ga Manzon Allah (SAW). Wanda ya tabbata a Sahihu Muslim shi ne tsarki rabin imani ne. Lamarin hadisi ba a yi masa ganganci.

Anti Sakatariya: Allah gafarta Malam, na karɓi gyara. Amma tunda ka yi magana, ka ja kunnen masu alwala a wurin wanke kwanuka. Mutum ya face majina a inda muke ɗauraye kofi, ya ɗaga ƙafa ya sa a ciki, ƙasa duk ta jiƙe. Ranar Talata saura kaɗan santsi ya kwashe ni.

Liman: Wannan kam kuskure ne, na sha faɗa bayan azahar. Sai dai famfon masallaci wata biyu ke nan ba ya kawo ruwa, butoci uku ne kacal, biyu suna yoyo. Na rubuta takarda sau biyu, tana sashen Injiniya.

Injiniya: Takardar ta bar teburina tuni, Malam. Kuɗi ne ba a saki ba. A tambayi masu riƙe da kuɗi.

Hajiya Akanta: Kada ka jawo ni ciki. Abin da aka sa wa hannu nake biya.

Ɗan Bautar Ƙasa: Iyayena ku yi haƙuri in sa baki. Kashin ɓeran da Hajiya ta gani ya fi komai tayar mini da hankali. Zazzaɓin Lassa ta fitsari da kashin ɓera yake shiga abinci, kuma da rani ya fi yawa. Sukari da gurasar da muke bari a buɗe su ke kiran ɓeran. A samo robobi masu murfi, a toshe ramin da ke bayan kabad, a riƙa kwashe shara kullum kafin a tashi. Cutar ma sunan garin Lassa na jihar Borno ta ɗauka, inda aka fara gano ta a 1969.

Malam Mai Sito: Kun gani ko? An sake komawa kan mutanen karkara. Yanzu har cuta ma tamu ce.

Ɗan Bautar Ƙasa: Wallahi Baba ba haka nake nufi ba.

Direba Babba: Yaro, in manya na magana a riƙa saurare. Wata nawa ka yi a gidan nan?

Injiniya: Ni tambayata ɗaya. Ba akwai Baba mai shara ba? Me ake biyanta ta yi?

Anti Sakatariya: Injiniya, wannan maganar ta yi mini ciwo. Baba ba ta cikin zauren nan, ƙaramar waya gare ta, bari in faɗa a madadinta. Daga Kurna take tahowa, adaidaita biyu, ta riga kowa zuwa. Ita kaɗai ke share ofisoshi da baranda da banɗaki. Tun 2024 mafi ƙarancin albashi ya koma naira dubu 70, ita kuwa ta hannun ɗan kwangila ake biyanta, kuma kowa a nan ya san ba ta ganin haka. Shara aka ɗauke ta, ba wanke kofin ƙato ba. Na ga ranar da ta sa hannu tsirara tana zaro ƙayar kifi daga magudanar nan, ko safar hannu babu. Sa'ar mahaifiyar wasunmu ce. Ku maza kun saba a gida ku ci ku ture kwano, shi ne kuka kawo mana halin ofis.

Direba Babba: To fa, an bar 'yan ƙauye an koma kan maza. Anti, ledar awara da yaji da ake bari a kan tebur, maza ne ke ci?

Anti Sakatariya: Ƙwarai kuwa, har su fi mu.

Alhaji Na Rajista: Ku duk yara ne. A 1985 a nan Kano Janar Idiagbon, mataimakin Buhari a mulkin soja, ya ƙaddamar da yaƙi da ƙazanta a ƙarƙashin shirin yaƙi da rashin ɗa'a, wato WAI. Ina saurayi lokacin. Ba a roƙon kowa, ka zubar da shara a titi ka yi tsallen kwaɗo. Daga nan aka gaji sharar Asabar ɗin ƙarshen wata. Yau fa? Bakwai zuwa goma mutane na kwance suna jiran a buɗe hanya. Mutanenmu sai da bulala.

Injiniya: Alhaji, mun san inda ka dosa. Kada a kawo mana siyasa.

Alhaji Na Rajista: Tarihi na faɗa. Wanda ya tsargu shi ya sani.

Malam Mai Sito: Ni dai har yanzu ban ji an janye kalmar ba.

Hajiya Akanta: Malam, kakata ta wajen uwa 'yar Wudil ce. Ba zan zagi ƙauye ba. Amma ba zan ba da haƙuri a kan abin da ban yi ba, alhali wanda ya bar miyar yana karanta mu ya yi shiru.

Malam Mai Sito: Shi ke nan. Kuɗin sukari da nake bayarwa duk wata na daina daga yau.

Shugaban Zaure: Jama'a ya isa haka, na rufe zauren zuwa gobe. Na karanta komai, ga abin da na fahimta. Hajiya ta yi gaskiya, kuma duk wanda ya tashi a cikin gari ya san ƙauyanci ba zagin kowa ba ne, wasu ne dai ke da saurin fushi. Injiniya ya yi bayani mai gamsarwa kan duba-gari da asalin tsaftar birni, mun gode. Maganar famfo da albashin Baba ba hurumin zauren nan ba ne, kada a sake tayar da su. Batun ɓera za a duba. Daga Litinin 'yan bautar ƙasa da 'yan sanin makamar aiki su riƙa wanke kofuna bi da bi, Anti ta tsara musu jadawali tunda ita abin ya fi damu. Direbobi da mutanen sito su riƙa cin abincinsu a rumfar waje, don a rage cunkoso. Mai kula kuma ya je baranda ya ɗauki abarsa, ba sai an san ko waye ba.