Wane suna za mu ba layin da ke taɓa da'ira sau ɗaya tak?

1/ Malaman lissafi, ina neman shawararku kan kalmar "tanjent", sunan wannan layin a Turanci. Asalinta Latin ne, daga kalmar da ke nufin taɓawa, Larabawa ma "mumas" suke cewa, ma'anar ɗaya ce. To me zai hana mu ce "mataɓi"?

2/ Na ji wasu na cewa "mashafi". Ban yarda ba. Shafa tana bin jikin abu ne ta yi tafiya a kai, shi kuwa wannan layin a ɗigo ɗaya kawai yake haɗuwa da da'ira, ya wuce abinsa. Ɗalibin da ya ji "mashafi" zai zana layi kwance a jikin da'irar, kuma daga nan kuskure ya fara.

3/ Da'irorin da suka haɗa tsakiya guda, kamar zobban da ke bazuwa in an jefa dutse cikin ruwa, ni "'yan cibiya ɗaya" nake kiransu.

4/ Mu gwada kalmomin a bakin aiki. Ga 'yan cibiya ɗaya guda biyu: daga cibiya zuwa bakin ƙaramar santimita 5, zuwa bakin babbar 13. Daga bakin babbar aka ja mataɓi zuwa ƙaramar. Nawa ne tsawonsa?

Layin da ya taso daga cibiya zuwa wurin taɓawa yana haɗuwa da mataɓi a kusurwa mai digiri 90. Alwatika ta fito ke nan, gefenta mafi tsawo 13, wato daga cibiya zuwa inda mataɓin ya taso a bakin babbar. Sai ƙa'idar Pythagoras, wadda ake gano tsawon gefen irin wannan alwatika da ita: 13 sau 13 ya ba da 169, a cire 5 sau 5, wato 25, saura 144, wanda shi ne 12 sau 12. Tsawon mataɓi 12 ne. Abin da ya fi burge ni shi ne, ko daga ina ka taso a bakin babbar da'irar, 12 ɗin nan ba ya canzawa.

5/ In aka zarce da layin har ya kai ɗaya bakin, ya zama 24. Wannan kuma "tsirkiya" ce ga babbar da'ira, tunda lanƙwasar da ke samanta baka ce sak. Layi ɗaya, tsirkiya ga babba, mataɓi ga ƙarama.

6/ Inda na tsaya shi ne tazarar cibiya zuwa baki. "Rabin faɗi" daidai ne, amma ya yi nauyi a baki in ana maimaita shi sau goma a darasi guda. Wa ke da kalma ɗaya?