Muhawara: Mai amfani da Debian da bai taɓa mayar da komai ba, akwai bashi a kansa?

Injiniya: Assalamu alaikum jama'a. Zan faɗi wata magana da na san ba kowa za ta yi wa daɗi ba. Duk wanda ya yi shekara da shekaru yana aiki da Debian, wato tsarin Linux mai gudanar da kwamfuta da ake rabawa kyauta, yana cin abinci da ita, bai taɓa kai rahoton matsala ba, bai gyara komai ba, bai ba da ko sisin kwabo ba, ni a wurina cima-zaune ne, kuma akwai bashi a wuyansa. Debian ba ta da wani kamfani da ya mallake ta. Tun da Ian Murdock ya kafa ta a watan Agustan 1993, 'yan sa-kai ne ke riƙe da ita. Mambobi masu ƙuri'a wajen 1,000 ne, su ke zaɓen shugabansu duk shekara, kunshin manhajojin da ke cikinta kuwa ya haura 60,000. Rijiyar unguwa ce: kowa na zuwa da gugansa, amma ranar yasa sai a nemi mutane a rasa.

Malama: Wa alaikumus salam. Injiniya, ka ɗora wa mutane nauyin da masu abin ma ba su ɗora musu ba. A 1997 Debian ta rubuta alkawarin da ta ɗauka wa jama'a, kuma a ciki ita ce ta yi alkawari, ba mai amfani ba. Ta ce za ta zauna 'yantacciya, wato kowa na da izinin amfani da ita, gyara ta da raba ta, za ta mayar wa sauran masu 'yantacciyar manhaja da abin da ta gyara, ba za ta ɓoye matsalolinta ba, kuma masu amfani da ita ne a gaba a wurinta. Babu inda aka ce sai ka biya da aiki. Har ma masu tantance lasisi a Debian suna da wani gwaji: a ɗauka mutum yana wani tsibiri shi da abokinsa, ba intanet, ba hanyar aika saƙo. In lasisi ya wajabta masa aika gyaran da ya yi zuwa ga mai manhajar kafin ya ba abokinsa, to lasisin bai cika 'yantacce ba. Abin da aka ba ka ba tare da sharaɗi ba, kyauta ce, kuma ba a bin mutum bashin kyauta. Rijiya kuma tana ƙafewa in an ja da yawa. Kwafin da na saka wa ɗalibaina a ɗakin kwamfuta bai rage wa kowa nasa ba.

Injiniya: Ba ruwan ne ke ƙarewa ba, Malama, masu yasar ne ke gajiya.

Mai Gyara: Yallabai Injiniya, ku da kuke ofis da sola da intanet na wata-wata, magana tana muku sauƙi. Ni a shago nake. Faifan sanyawa ɗaya in zan sauke sai na jira garaɓasar datar dare, kuma ina yi ina addu'ar kada a ɗauke wuta. Mutum ya kawo tsohuwar laftof da Windows ta yi mata nauyi, in saka masa Debian da Xfce, fuskar aiki marar nauyi, in nuna masa LibreOffice da Firefox, ya tafi yana murna, in ya maƙale ya dawo wurina. Wannan ba a lissafa shi ke nan? Rahoton matsala kuma da Turanci ake rubuta shi, Turancin ma na masu fasaha. Da yawanmu hannu ya iya aiki, amma rubutun ne ke ba mu tsoro.

Injiniya: Maigida, aikinka aiki ne, ba da kai nake ba. Amma bari in kawo abin da ya sa na tayar da maganar. Kun tuna abin da ya faru da xz a 2024? Wata ƙaramar manhaja ce ta matse fayil, wadda kusan duk kunshin Debian da ita ake matse shi. Mutum ɗaya ne, Lasse Collin, ya yi shekaru yana kula da ita a lokacin hutunsa, ba albashi. A 2022 ya fito ya rubuta cewa rashin lafiya ya rage masa ƙarfin aiki, kuma abin nan sha'awa ce kawai ba wanda ke biyansa. Miliyoyin na'urori na dogara da aikinsa, ba wanda ya kawo masa ɗauki sai wani mai kiran kansa Jia Tan. Wannan ya yi shekara biyu da wani abu yana taimakawa har aka amince masa, sannan ya dasa ɓoyayyiyar ƙofa a sigar 5.6.0 da 5.6.1, wadda za ta ba shi damar kutsawa cikin sabobi ta hanyar SSH, wato tsarin shiga na'ura daga nesa. Da mutanen kirki goma sun tsaya wa Collin tun farko, da ɓarawo bai samu gurbi ba. Shirun masu amfani ne ya buɗe masa hanya.

Baba Alhaji: Ɗana Injiniya, labarin da ka kawo gaskiya ne, amma ka bar rabinsa a baya. Ba shiru ne kaɗai ya karya Collin ba. Wasu asusu ne suka riƙa aiko masa da saƙonni suna matsa masa lamba: aiki ya tsaya, ba ka duba gyare-gyaren da ake turo maka, in ba za ka iya ba ka miƙa wa wani. Masu bincike da yawa suna ganin da gangan aka shirya wannan matsin don a share wa Jia Tan hanya. To ka lura, da wane makami aka yaƙe shi? Da sa shi jin cewa akwai haƙƙin mutane a kansa da bai sauke ba. Wannan harshen na bashi da kake amfani da shi, yau a kan mai amfani ka ɗora shi, gobe wani zai juya shi kan mai kula da kunshi. Na daɗe a wannan harka tun ana raba Debian a faya-fayan CD, kuma na ga mutanen kirki sun ajiye aiki saboda an mai da sadakarsu ta zama wajibi.

Sannan shi ɓarawon ai ta ƙofar gudummawa ya shigo. Don haka ba kowace gudummawa ce alheri ba. Ko a cikin gida an taɓa gani: a 2006 aka yi wa kunshin OpenSSL na Debian, manhajar da ke ƙera makullan sirri, wani ɗan gyara da kyakkyawar niyya, aka cire layukan da suke sa makullan sirri su zama ba a iya hasashensu. Sai a watan Mayun 2008 Luciano Bello ya gano. Kusan shekara biyu makullan da aka ƙirƙira a Debian da Ubuntu ba su wuce 'yan dubun-dubata da za a iya gwadawa ɗaya bayan ɗaya ba. Wannan fa ƙwararre ne ya yi. Ina ga ka tura yaro ya je ya taɓa abu don kawai kada a kira shi cima-zaune?

Auta: Baba, to wa ya kama na xz ɗin? Kuma ya shafi mu masu Debian 12?

Baba Alhaji: Bai shafe ku ba, Auta. A lokacin tsayayyiyar sigar Debian, wato 12, tana riƙe da tsohuwar xz, ƙofar ba ta kai gare ta ba. Ta shiga sid ne da testing, rassan da ake gwada sababbin kaya kafin a fitar. Wanda ya kama shi Andres Freund ne, injiniya a Microsoft mai aiki a kan PostgreSQL, manhajar rumbun bayanai. Yana gwaje-gwajensa a kan sid sai ya ga shiga ta SSH tana cin ƙarfin na'ura fiye da kima, tana ƙara jinkirin wajen rabin daƙiƙa. Ya bi diddigi har ya kai ga xz, ya sanar ranar 29 ga Maris 2024.

Injiniya: Madalla, Baba ya ba ni hujjata da kansa. Freund ba mai kula da xz ba ne. Mai amfani ne da ya ga abu ba daidai ba, bai ce ina ruwana ba. Rabin daƙiƙa fa! Mu nawa ne a nan muke ganin abin da ya fi wannan girma, firinta ta ƙi aiki bayan sabuntawa, ko sauti ya ɗauke, sai mu sake kunna na'ura mu wuce? Abin da nake nema ke nan, ba na ce kowa ya zama mai rubuta manhaja ba.

Malama: Ba haka ka fara ba. Ka fara da cima-zaune da bashi. In a yaba wa Freund ne, ni ma ina yaba masa. Amma yabon wanda ya yi daban, zargin wanda bai yi ba daban. Kuma in dai bin bashi za a yi, a fara da masu kuɗi. Ubuntu a kan Debian aka gina ta tun 2004, haka Kali da Raspberry Pi OS. Kamfanoni nawa ne sabobinsu ke gudana a kan Debian suna samun riba? Wasu suna sakawa, gaskiya ne. Ƙarin shekara biyu na gyaran tsaro da ake yi wa kowace siga bayan ukun farko, kamfanoni ne ke biyan wani ɓangare na aikin ta hannun kamfanin Freexian. To a je a matsa wa waɗanda ba sa bayarwa. Yarinya 'yar aji biyar da ke koyon buga rubutu ba ita ce ta gajiyar da Collin ba.

Na Damagaram: Salamu alaikum, ina biye da ku. Ni ban yarda da kalmar bashi ba, Malama ta fi gaskiya a nan. Amma akwai abin da ya fi bashi ciwo, shi ne ba a san da kai ba. Da Debian 13 ta fito a watan Agustan 2025, an daina yi wa kwamfutocin PC masu 32-bit manhajar sanyawa da kernel nasu, wato zuciyar tsarin. A Turai wannan ƙaramin labari ne. A nan kuwa akwai ƙananan laftof masu Atom N270 da tsofaffin Pentium M da har yanzu ake aiki da su a shaguna da makarantu, kuma ba sa ɗaukar 64-bit. Debian 12 za ta riƙe su zuwa tsakiyar 2028, bayan nan sai a nemi wata hanya. Ban ce da mun yi magana da an fasa ba, aikin yana da nauyi kuma masu yinsa sun gaji. Amma a Debian wanda ke aiki shi ke yanke hukunci, kuma abin da ya gani shi yake aunawa.

Misali, lokacin sanyawa ana tambayarka ko ka yarda a saka popularity-contest. Yana aika jerin kunshin da kake amfani da su sau ɗaya a mako, ba sunanka a ciki. Amsar da ke zaɓe tun farko a'a ce, yawancinmu kuma sai mu danna mu wuce. Ƙididdigar nan ana duba ta wajen sanin abin da mutane ke amfani da shi. Shagon Mai Gyara kaɗai na'urori nawa suka fita daga cikinsa ba a ƙirga su ba?

Mai Gyara: Wallahi ban san aikinsa ke nan ba, na ɗauka leƙen asiri ne. Amma sai na tambayi mai na'ura tukuna, ba zan kunna wa mutum abin da ke aika bayani bai sani ba.

Na Damagaram: Haka ya kamata, maigida.

Baba Alhaji: Kuma suna ji in an yi magana. Mai Gyara zai tuna wahalar Wi-Fi kafin Debian 12: ka saka faifan hukuma, laftof ta ƙi ganin intanet saboda ƙaramar manhajar da katin ke buƙata ba 'yantacciya ba ce, ba a sa ta a ciki ba. Shekaru ana kuka. A 2022 mambobi suka kaɗa ƙuri'a, har suka ƙara jimla a cikin alkawarin 1997 don a halatta saka ta, abin da sai da rinjayen uku bisa ɗaya yake yiwuwa. Wasu sun ji zafin haka ƙwarai, suna ganin an sassauta aƙida. Amma koken masu amfani ne ya kai su ga teburin.

Injiniya: Na janye cima-zaune a kan ɗalibai da irin su Mai Gyara. Ban janye ta a kan ire-irena ba: wanda ke karɓar albashi da sabar Debian, yana jin Turanci, yana da wuta da data, kuma bai taɓa buɗe reportbug ba, manhajar kai rahoton matsala. Akwai kunshin da masu kula da su suka ajiye, suna nan marayu, kuma wanda matsala mai tsanani ta zauna a kansa ba a gyara ba, galibi cire shi ake yi daga testing, ba zai shiga siga ta gaba ba. Ku saka how-can-i-help, zai nuna muku waɗanda ke kan na'urarku da ke neman hannu. Tun 2010 ma Debian ta amince mutum ya zama cikakken mamba mai ƙuri'a ta hanyar fassara ko rubuta bayanai ko shirya taro, ba sai ya ɗora kunshi ba. Uzurin ya ragu.

Malama: Ko a kan ire-irenka ban yarda bashi ba ne, Injiniya. Abin so ne, kuma zan ƙarfafa wa kowa gwiwa a kansa. In ka kira shi bashi, mutum zai yi sau ɗaya don ya sauke nauyi ya tafi, kuma kunshi ba ya son mai zuwa sau ɗaya.

Auta: Yaya Injiniya, ni ina da wata matsala, ban sani ba ko ta isa rahoto. Na zaɓi tsarin madannai na Hausa, ɓ da ɗ da ƙ suna fita daidai a LibreOffice, amma in na fitar da takardar zuwa PDF sai su canja kama, ba sa dacewa da sauran haruffa.

Injiniya: Ƙanena, kafin ka kai rahoto ka gwada abu biyu. Ka canja nau'in rubutun zuwa DejaVu Sans ko Noto Sans, domin suna da haruffan nan, ka sake fitarwa. In ya gyaru, nau'in da ka fara zaɓa ne ba shi da su, aka aro daga wani, wannan ba aibin LibreOffice ba ne. In bai gyaru ba, ka duba ko wani ya riga ka kai ƙarar, sannan ka rubuta sigar da kake amfani da ita, matakan da ka bi, da abin da ya fito, ka haɗa da ɗan fayil mai layi ɗaya. Ka rubuto da Hausa ka turo nan, ni zan mayar maka da shi Turanci, amma da sunanka za a aika.

Mai Gyara: In dai za ka riƙa mayarwa, ni ma ina da guda biyu a kan katin sauti na wata tsohuwar laftof. Zan ɗauko lambar samfurin gobe in na buɗe shago, in sha Allah.