Yaya ake auna yawan malaman da ke barin aiki?

Mai makaranta, Kubwa:
Assalamu alaikum. Ina da makarantar firamare mai zaman kanta. Mun buɗe a watan Satumba da ma'aikata 40, amma da shekarar karatu ta ƙare a Yuli saura 36, domin mutum 10 sun tafi, mun ɗauki 6. Iyaye sun fara ƙorafi cewa kowane zango sabuwar fuska yaransu ke gani a aji, kuma abin yana damuna ƙwarai. Ta yaya zan auna girman matsalar?

Akanta, Wuse:
Wa alaikumus salam, Hajiya. A haɗa 40 da 36 a raba biyu, matsakaicin ma'aikatanki 38 ke nan. Sai a raba 10 da 38 a ninka da 100, a samu kusan kashi 26 cikin 100. Sai dai wannan adadi shi kaɗai ba zai nuna miki inda gizo ke saƙar ba. Ki duba mutum nawa daga cikin 40 ɗin farko suka kai ƙarshen shekara, kuma ki ware wanda aka sallama da wanda ya ajiye aiki da kansa. Masu hidimar ƙasa ma a fitar da su gefe, tunda shekara guda NYSC ta ba su.

Mai makaranta, Kubwa:
Na gode, Malam. Na duba rajista, 33 na nan, wato kashi 82.5. Sababbin ne 3 daga cikin 6 suka tafi tun kafin su cika zango guda.

Tsohon malami, Mararaba:
Hajiya, to nan ya kamata ki tsaya, domin rabin sababbin ɗauka ba sa tafiya haka kawai. Ni kaina na bar wata makaranta a cikin garin Abuja bayan cire tallafin man fetur a Mayun 2023, saboda kuɗin mota daga Mararaba yana cinye kusan rabin albashina, ga cunkoson Nyanya kullum da asuba, kuma ba wanda ya tambaye ni dalili. Ki rubuta unguwar da kowanne ke zaune, sannan ki kwatanta albashin da kike fara biya da mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka sa wa hannu a Yulin 2024. Idan za a tambayi mai tafiya dalilinsa, kada ke ki tambaya; zai ji nauyinki ya ce lalurar gida ce. Ki sa abokin aikinsa da ya yarda da shi, bayan an biya shi haƙƙinsa na ƙarshe.