Zan gyara ɗakin ƙarƙashin gidana da hannuna, ta ina zan fara?

Baƙon Columbus:
Assalamu alaikum jama'a. Bara muka sayi gida a nan Columbus, jihar Ohio, ginin shekarun 1970. A ƙarƙashinsa akwai besmen, fili fetal, bangon kankare tsirara, ba komai ciki sai injin ɗumama gida da tukunyar ruwan zafi da kwalayen da tun ƙaura ba mu buɗe ba. Maiɗakina za ta sauka a watan Yuni in sha Allahu, Hajiyarta kuma za ta zo daga Kano zaman jego. Shi ne na ce bari in yanka mata ɗaki a ƙasan. Kuɗin da ɗan kwangila ya faɗa, sai da na nemi kujera na zauna. Ni kuwa aikin hannuna bai wuce haɗa gadon yara ba, shi ma sai da noti biyu suka yi saura. Na dai sayi katako da diril, na sha kallon YouTube. Abin da ya tsaya min a rai shi ne wani farin gari kamar kanwa a bangon bayan matakala, in na share ya dawo. In rufe shi da allo kawai?

Tsohon Kafinta:
Wa alaikumus salam. Malam, ajiye katakon nan tukuna. Kanwar da kake gani gishiri ne, ruwa ke fito da shi daga cikin kankare, ya bushe ya bar shi. Bangonka na shan ruwa ke nan. Ni na rufe irinsa a Minneapolis, har na shimfiɗa kafet ina ta kiran baƙi su gani. Da ƙanƙara ta narke a shekara ta biyu, wari ya hana mu zama. Na ɓalle allon, sai ga fumfuna baƙi ƙirin har gwiwa.

Fara daga waje. Ranar da ake ruwa ka ɗauki lema ka zagaya gidan, ka ga inda indararo ke zubarwa. In a gindin bango ne, ƙara masa bututu ya yi nisa. Ƙasar ma ta gangara daga jikin gida, kamar inci 6 cikin ƙafa 10 na farko. A ciki kuma ka manna leda a daɓe da bango da salatif, ka bar ta kwana biyu. In ka ga raɓa a ƙarƙashinta, da sauran aiki. Sai ya bushe za ka liƙa allon kumfa mai tauri a jikin kankare, sannan ka jera katako a tsaye, tazarar inci 16 tsakaninsu. Wanda zai kwanta a daɓe ya zama mai magani, ɗan kore-koren nan. Allon jifsam kuma, wanda ake rufe katakon da shi, ka ɗaga shi rabin inci daga ƙasa.

Injiniya a Maryland:
Ɗan'uwa, ka karɓi takardar izini daga hukumar birni? Tunda ɗakin kwana ne, sai da tagar tsira daga gobara: buɗinta ƙafa 5.7 murabba'i, tsayin gindinta daga daɓe kada ya wuce inci 44. Wannan yanka kankare ne, ba aikin ɗan koyo ba, haka wayar wuta. Ka ba masu lasisi waɗannan biyun. Sannan Ohio na fama da iskar radon, ba wari ba launi, tana jawo kansar huhu. Kayan gwajin ba su da tsada. In ya kai 4 a ma'aunin EPA, hukumar kare muhalli ta Amurka, sai an saka bututu da fanka kafin kowa ya kwana a wurin.

Maman 'Yan Biyu:
Ku maza duk kuna ta inci da ƙafa. Yallaɓai, akwai banɗaki a ƙasan? Dattijuwa za ta riƙa hawa matakala don alwala sau biyar, ga wankan jariri safe da yamma? Tawa mahaifiyar kwana uku ta yi a besmen ta ce an saka ta a rijiya. Ka ba Hajiya ɗakin sama, kai ka sauka.

Baƙon Columbus:
Na gode ƙwarai, Allah Ya saka. Jiya an yi ruwa na zagaya, ashe indararon baya a kan kusurwar nan daidai yake zuba. Na manna leda, na aika a kawo min kayan gwajin radon. Maman 'Yan Biyu, na karanta wa maiɗakina saƙonki, ta ce ita ma tun watan jiya take faɗa min haka. Katifata ce za ta sauka ƙasa.